A DUBA FARANTIN MOTO KAFIN A SAYO MASA LINZAMI

Duk wanda ya taɓa maƙwabtaka da mai injin niƙa a Agege, ko Mile 12, ko Sabo ta Badun, ya san abin da kan faru da safe in an ta da injin. Ƙwan lantarki ya dushe, fanka ta rage gudu, in kuwa da janareta ake aiki sai ya yi nishi ya feso baƙin hayaƙi, wani lokaci ma ya mutu. Dalili kuwa shi ne, moton lantarki in zai tashi daga tsaye yakan ja wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci bayan ya kama gudu. Moto mai ƙarfin doki 10, wanda cinsa kamar amfiya 15 ne, sai ya nemi wajen 90 a daƙiƙoƙin farko. Shi ya sa mutum kan sayi ƙaton janareta saboda ɗan moto.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa Naira 225 kowane kilowat na awa ɗaya a watan Afrilu na 2024, 'yan Arewa masu injin niƙa da masu sayar da ruwa a nan Kurmi ba su ga ta barin wuta tana tafiya a banza ba. Abin da masu gyara ke yawan ba su shawarar saye shi ne wani akwati da 'yan kanti ke kira VFD, wanda aikinsa ga moto kamar aikin linzami ne ga doki.

Wutar da ake rabawa a Nijeriya tana kai da komowa sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya, wannan bugu kuwa shi ke yanke wa moto gudunsa. Akwatin yana karɓar wutar, ya mayar da ita irin ta batir, sa'an nan ya sake fitar da ita da yawan bugun da aka ga dama. Saboda haka moto yakan tashi sannu a hankali ba tare da fizgar wuta ba, a kuma rage masa gudu ko a ƙara. Ba sabon abu ba ne, domin kamfanin Danfoss na ƙasar Denmark ya fara ƙera shi da yawa tun 1968.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya shiga kasuwar Alaba ya ce a ba shi akwatin doki 10, domin motonsa doki 10 ne. Abin dubawa shi ne ɗan farantin ƙarfen nan da ke manne a jikin moto, inda aka rubuta bolt nawa yake so da amfiya nawa yake ci. Wajibi ne amfiyar akwatin ta kai ta moto, ko ta ɗan ɗara. Wannan ya fi shafar masu rijiyar burtsatse, domin famfon cikin ruwa da ake kira sumo yakan ci amfiya fiye da moton doron ƙasa mai ƙarfin doki iri ɗaya.

Na biyu, a dubi irin aikin. Fanka da famfo aikinsu mai sauƙi ne, akwatin da ke jure ƙarin nauyi na kashi 10 ko 20 cikin ɗari na minti ɗaya ya ishe su. Injin niƙa kuwa, wanda masara ko wake kan shaƙe shi ba zato, sai akwatin aiki mai nauyi, wanda ke jure ƙarin kashi 50 cikin ɗari na minti ɗaya. Akwati guda yakan zo da lissafi biyu a takardarsa, mai kanti kuma ya fi son nuna babban. Mai niƙa sai ya nemi ƙaramin.

Haka nan ribar ba ɗaya ba ce. Fanka in an rage mata gudu da kashi 20 cikin ɗari, cin wutarta yakan sauko zuwa wajen rabi. Injin niƙa ba ya samun irin wannan rangwame; ribarsa ita ce tashi cikin lumana, da hutun bel da janareta. Sumo kuwa in an rage masa gudu ainun, ruwa ba zai hau tanki ba, kuma masu ƙera shi sukan hana a sauko da shi ƙasa da bugu 30.

Na uku, a san wutar da ke shagon. Mai fes uku, watau bolt 400 zuwa 415, ba shi da damuwa. Wanda fes ɗaya gare shi, akwai akwatin da ke karɓar bolt 230 ya fitar da fes uku, amma fes ukun na bolt 230 ne, ba 400 ba. Sai moton da farantinsa ya nuna 230/400 zai yi, bayan mai gyara ya sauya haɗin wayoyinsa, kuma irin wannan akwati galibi bai wuce doki 3 ba. Moton fes ɗaya mai kafasita a gefe, wanda ke cikin ƙananan injinan markaɗe, ba a haɗa shi da akwatin da aka saba sayarwa.

Na huɗu, wurin da za a kafa shi. Yawancinsu an auna ƙarfinsu ne a zafin da bai wuce digiri 40 ba, shagon kwano kuwa da rana tsaka yana iya zarce haka. Garin niƙa da laimar Ikko ko Fatakwal abokan gabarsa ne. Mai alamar IP20 sai an sa shi cikin akwatin ƙarfe mai iska. Mai IP54 ko sama da haka shi ke jure ƙura da feshin ruwa. In wayar da ke zuwa sumo doguwa ce, a tambayi mai gyara ko ana bukatar matatar wuta tsakaninsu, don kada nannaɗin moton ya ƙone.

Akwai gargaɗi biyu da ya kamata kowane maigida ya ja wa yaransa kunne a kai. Kada a yanke wuta tsakanin akwati da moto yana cikin gudu. Daga jikin akwatin ake tsayar da shi. Kada kuma a buɗe shi da zarar an kashe, domin yana riƙe wutar da ke iya kisa har wasu mintoci.

Wanda zai tafi kasuwa, ya ɗauki hoton farantin da wayarsa, ya tafi da mai gyaran da ya amince da shi, ya kuma karɓi takardar garanti. Ƙaramin akwati ya fi arha, amma kullum cikin katsewa yake, masu kawo niƙa kuwa ba su jira. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Allah ya sa albarka a nema.