Dogon Hutu a Ƙasar Dutsi: Yara Tsakanin Gona, Allo da Dandali

Makarantun boko a Jihar Katsina suna rufewa domin dogon hutu a wajajen ƙarshen watan Yuli, su sake buɗewa a cikin Satumba, kuma a Dutsi da ƙauyukanta, kamar yadda yake a sauran garuruwan shiyyar Daura irin su Mashi da Mani da Sandamu da Mai'aduwa, wannan hutu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da gero ya tasa, ciyawa ta yi ƙarfi, rumbu kuma ya kusa kaiwa ƙasa. Saboda haka ba a san wani shiri na musamman da gida yake yi domin nishaɗin yara a waɗannan makonni ba. Damina ce take tsara wa yaro yininsa, makarantar allo ta ɗauki nata kason, wasa kuma ya samu gurbi a abin da ya rage, musamman bayan sallar isha'i idan sama ta yi haske.

Kafin a ba da hutu an riga an gama shuka, galibi ma an yi noman firi, wato noman farko da ake yi wa shuka tana ƙarama, don haka abin da yaro yake tararwa shi ne maimai, noma na biyu, da zuba taki da gyaran wake da gyaɗa da riɗi da aka ratsa a tsakanin gero. Ƙasar wannan yanki jigawa ce, rairayi ya fi yawa a cikinta, shi ya sa hauya mai doguwar ƙota take da farin jini, domin ana noma da ita a tsaye ba tare da sunkuyo ba, kuma yaro ɗan shekara goma yana iya riƙe ta ya bi bayan yayyensa. Safiya ta gandu ce, wato babbar gonar gida wadda kowa yake ci daga cikinta, kuma maigida ne yake da iko da ita. Bayan an tashi daga gandu ne saurayi yake wucewa gayaunarsa, ɗan filin da aka yanka masa ya noma abin kansa, kuma da yawa daga cikin magidantan yau sun sayi akuyarsu ta farko ko kekensu na farko da kuɗin gyaɗar gayauna. Idan noma ya fi ƙarfin wani gida akan kira gayya, samarin unguwa su taru su nome gonar a yini guda, mai gona ya ciyar da su, ƙananan yara kuma su yi ta kai ruwa da fura. Gayya ta ragu ƙwarai, ƙwadago ya maye gurbinta, kuma ɗaliban sakandare da dama suna yin wannan ƙwadago ne domin su tara kuɗin littafi da takalmin komawa makaranta.

Tun da aka yi shuka ake ɗaure dabbobi a turke don kada su yi ɓarna, kuma ciyar da su yana wuyan yara. Da la'asar akan ga jerin yara da lauje da buhu suna dawowa da ciyawa a ka, wasu su zuba wa tumakin gida, wasu su kasa ta a bakin hanya su sayar. 'Yan mata kuwa suna fita tsinkar tafasa da rama da yaɗiya, a dafa a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli, kuma wannan kwaɗo shi ne yake riƙe gidaje da yawa a cikin marka, wato kwanakin Agusta da ruwa yake sauka ba ƙaƙƙautawa, hatsi ya yi tsada, sabo bai iso ba. Duk da wannan ƙunci, damina tana da nata lagwada da yaro ba ya mantawa: nono yana araha saboda shanu sun ƙoshi, zabi suna ƙwai, ana kama gina a gindin fitila bayan ruwan dare a soya ta da gishiri, sannan can wajen ƙarshen hutu dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara su fito, a ƙarshe kuma tumu, sabon kan gero da ake babbakawa a wuta a murza a tafin hannu a watsa a baki. Lokacin da gero ya fara ido ne ake tura yara tsaron tsuntsaye, da majajjawa da gwangwanin da aka zuba wa tsakuwa, aikin da rabinsa wasa ne, domin babu babba a kusa.

Masu ilimin boko sukan yi saɓani da dattawa a kan wannan aiki. Wasu malaman makaranta suna ganin yaron da ya yi mako shida a gona yana komawa aji a gajiye, ya manta abin da ya koya, dattawa kuwa suna ganin yaron da bai san riƙon hauya ba ya tashi da rabin tarbiyya, ko da ya haddace littattafan duniya. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne gidan manomi a wannan yanki ba shi da zaɓi, domin ruwa wata uku zuwa huɗu ne kawai, kuma abin da aka noma a cikinsu shi za a ci har shekara ta zagayo.

Makarantar allo ba ta san dogon hutu ba. Hutunta na mako shi ne Alhamis da Juma'a, manyan hutunta kuma na Sallah ne, saboda haka rufe makarantar boko ƙarin lokaci ne a wajen malamin allo, wanda zai samu yaran da safe kafin a tafi gona ko da dare a gaban wuta. Islamiyyu, waɗanda suka yawaita a 'yan shekarun nan, suna tsawaita darasi a lokacin hutu, kuma da yawa suna ajiye walimar saukar Alƙur'ani a cikinsa, inda yara suke sa anko, a raba allunan zayyana da takardun shaida, iyaye mata su yi rabon waina da alkaki. A wasu garuruwan wannan walima ita ce taro mafi girma da ake yi domin yara a duk tsawon hutun.

Akwai kuma zuwa hutu, wato a tura yaro ya yi makonni a gidan dangi. Yaran Dutsi da iyayensu suke aiki a Katsina ko Kano ko Kaduna akan kawo su gida wajen kaka, na ƙauye kuma a kai su birni wajen gwaggo ko kawu ko yayar da ta yi aure. A nan ne yaro yake sanin taubasansa, 'ya'yan gwaggo da 'ya'yan kawu da al'ada ta halatta wasa da zolaya a tsakaninsu, a nan ne kuma kaka mace take kiran jikanta maigida tana tsokanarsa da cewa bai kawo cefane ba, kaka namiji kuma ya kira jikarsa amarya. Ba a sallamar ɗan hutu hannu rabbana: na birni yakan koma da ƙwan zabi da kaza da ƙullin kuka da daddawa, na ƙauye kuma da sabon yadi da sabulu da takalmi. Dangin mutanen wannan yanki ba su tsaya a iyakar Nijeriya ba, domin ta Kongolam ake ƙetarawa zuwa Matamai da Damagaram, kuma hutun makarantun Nijar ya fi tsawo, sai Oktoba suke komawa. Rufe iyakar da aka yi a watan Agusta na 2019, da wanda aka sake yi a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, duk sun faɗo ne a tsakiyar hutu, kuma sun katse irin wannan zumunci a gidaje da yawa.

Dandali shi ne filin da yaran unguwa suke taruwa da dare, sau da yawa a ƙofar gidan mai unguwa ko kusa da wata babbar bishiya, kuma a daren farin wata da ba a yi ruwa ba yakan cika. 'Yan mata suna gaɗa, su tsaya rabin da'ira suna tafi da waƙa, ɗaya ta fito tsakiya ta juya baya ta faɗo a hannun sauran, su cafe ta su cilla ta sama, ta dira a kan ƙafafunta ta koma layi, wata ta fito. Waƙoƙin gaɗa ba su da marubuci, ana gadonsu ne daga yayye, ana kuma saƙa sababbin baituka a ciki, na yabon saurayi ko habaici ga kishiyar uwa ko zambo ga marowaci, har ya zama mai son sanin abin da yake faruwa a gari yana iya tsintarsa daga bakin 'yan gaɗa. Maza kuwa langa ce tasu: kowa ya kama babban yatsan ƙafarsa ɗaya ta baya, ya yi ta tsalle da ɗayar, a kasu gida biyu, kowane gida yana da wanda ake kira ruwa, wanda 'yan gidansa suke karewa har ya kai wurin sha, abokan hamayya kuma suna neman ture shi ya saki ƙafa. Rairayin da ruwa ya jiƙa ya lafa shi ne ya fi daɗin langa, domin faɗuwa a kansa ba ta da zafi. Da rana akwai carafke da 'yar gala-gala ga mata, akwai dara ga samari, mai gurabu talatin da 'ya'ya goma sha biyu ga kowane ɗan wasa, sannan damina tana ba ƙanana yumɓu, su gina shanu masu tozo da ƙaho da tukwane da raƙuma, su shanya a gindin katanga, su kuma ƙera mota da kara da murfin kwalba. Daren da ruwa ya hana fita kuwa na tatsuniya ne da kacici-kacici a ɗakin kaka, inda Gizo da Ƙoƙi suke sarautarsu.

Dandali ya yi rauni, kuma ba a yi ittifaƙi a kan abin da ya raunana shi ba. Wasu suna ɗora alhakin a kan wa'azin da ya hana cuɗanyar samari da 'yan mata da dare, wasu a kan karatun dare na Islamiyya, wasu a kan wayar hannu da finafinan Hausa da gidajen kallon ƙwallo, waɗanda suke cika tun daga Agusta idan gasar Ingila ta dawo. Kowanne yana da hannu. Asarar da aka yi ita ce ta waƙoƙin, domin langa ana iya koya wa yaro ita a filin makaranta a cikin awa guda, amma waƙar gaɗa idan tsara ɗaya ba ta karɓa daga ta gabanta ba ta tafi ke nan.

Kududdufai da tafkunan da suke cika a marka suna jan yara maza zuwa wanka da kamun kifi, iyaye kuma suna hanawa da bulala, saboda nutsewa da tsargiya, cutar fitsarin jini da ake ɗauka a ruwan da ba ya gudu. Wannan ne kuma lokacin zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ma'aikatan lafiya suke bi gida-gida wata-wata a damina suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafi.

Bukukuwan da suke faɗowa a cikin hutu suna bin lissafin wata ne, wanda yake ja baya da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, don haka kowace tsara tana da nata rabon. Yaran da suka yi hutu a tsakanin 2011 da 2013 sun samu azumi da tashe da Ƙaramar Sallah a ciki, na 2018 da 2019 suka samu Babbar Sallah a watan Agusta, na 2022 suka samu cika-ciki, ranar goma ga Muharram da ake cin abinci a ƙoshi, taubasai kuma su bi juna kuɗin shara. A yanzu watan Rabi'ul Awwal ne yake matsowa cikin hutun, tun da Mauludin 2025 ya zo a farkon Satumba, kuma wannan yana da muhimmanci ga mutanen shiyyar, domin a wannan wata ne Daura take Sallar Gani, inda hakimai suke shigowa da dawakinsu da makaɗansu su yi hawa su kai gaisuwa ga Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, wanda yake kan gado tun 2007. Masana sun yi saɓani a kan asalin Gani, wasu suna ganin biki ne da ya girmi zuwan Musulunci aka haɗa shi da Mauludi daga baya, wasu suna ganin daga Mauludin ya samo tushe. Yaran da aka kai kallo ba ruwansu da wannan, abin da yake gabansu shi ne 'yan lifidi da 'yan bindiga da algaita, sannan a biya da su rijiyar Kusugu, a nuna musu inda labari ya ce Bayajidda ya kashe macijiyar da ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, a ɗebo musu ruwan su sha.

A cikin garin Dutsi da Daura an samu sababbin abubuwa da suke cin lokacin hutu. Makarantu masu zaman kansu suna shirya darasin hutu da ake biya, samari suna haɗa gasar ƙwallo tsakanin unguwanni da ƙauyuka a sa kofi ko rago, iyaye da dama kuma suna kai yaro shagon tela ko bakanike ko mai walda ko mai gyaran waya ya koyi sana'a, yarinya kuma ta koyi ɗinki ko saƙa ko kitso da lalle a wajen wata maƙwabciya. Yaran da suka ɗan tasa sukan bi iyayensu kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, su riƙe igiyar dabba su ga yadda dillalai suke ciniki.

Ana komawa makaranta a Satumba daidai lokacin da gero ya nuna, shi ya sa azuzuwan ƙauye ba sa cika a makonnin farko, sai an yi girbi an ɗaure dammuna an kai gida. Kokawa da dambe da kalankuwa da yawancin bukukuwan aure duk na kaka ne, bayan amfanin gona ya shigo hannu, kuma a lokacin ɗalibai sun riga sun yi nisa a zangon farko, sai dai su halarta da dare ko a ranakun Asabar da Lahadi.