Amsoshin Wasiƙunku: Shin Shingen Kafi-Kansila Yana Kashe Awaki?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga yankin Haɗeja ya rubuto yana cewa yana da lambu a fadama inda yake noman albasa da tattasai, amma duk shekara shingen kara da yake yi ruwa ke ruɓar da shi, shanu su shiga su yi masa ɓarna. An ba shi shawarar ya dasa kafi-kansila, sai dai wani maƙwabcinsa ya ce wannan itace yana kashe awaki. Yana so ya san yadda ake dasa shi da kula da shi, da kuma gaskiyar maganar maƙwabcin.

AMSA: To malam, mun gode da wannan wasiƙa taka. Wanda ya ba ka shawara bai yi ƙarya ba, haka shi ma maƙwabcinka gaskiya ya faɗa. Kafi-kansila shinge ne mai sauƙi da arha, amma yana da dafi, kuma idan ka sake masa yana iya cinye maka fadamar.

Da farko bari mu tabbatar itace ɗaya muke nufi, domin suna yakan bambanta daga gari zuwa gari. Itace ne mai rassa da yawa da ke tashi daga gindi ɗaya, tsawonsa yakan kai mita 2 zuwa 3. Ganyensa faffaɗa ne mai tsini a ƙarshe, ya yi kama da na dankali, don kuwa danginsu ɗaya da dankalin Hausa da duman rafi. Furensa kamar bakin algaita yake, ja-ja mai haske, yana buɗewa da safe ya yanƙwane idan rana ta yi. Idan ka karya reshensa za ka ga cikinsa rami ne kamar bututu, ga kuma farin ƙaro yana fita. Masana ilmin tsirrai suna kiransa Ipomoea carnea. Asalinsa daga ƙasashen Amurka masu zafi ne. A Barazil ana yin bututun lofe da karansa, a Indiya kuwa sunan da suka laƙaba masa ma'anarsa "marar kunya", saboda duk inda aka jefar da shi sai ya tsiro.

Dasa shi ba wuya, ba ka bukatar iri ko taki. A farkon damina, ko duk lokacin da ƙasar fadama ke da laima, ka sami rassan da suka ƙosa masu kaurin babban yatsa, ka yanka su kamu guda-guda, watau wajen rabin mita. Ka kafa su a ƙasa, kashi ɗaya cikin uku ya shige, ka tabbatar gindin ne a ƙasa ba kan ba, sannan ka take da ƙafa. Ka bar tazarar taƙi guda tsakanin kowane biyu. In kana son shinge mai kauri ka yi layi biyu, na biyun yana toshe kafar na farko. Cikin mako 2 zuwa 3 za ka ga ya tofo. Ruwa ya kwanta a gindinsa bai dame shi ba, rani kuma ba ya kashe shi idan ya riga ya kama. Sai dai ka lura ba shi da ƙaya, don haka a shekarar farko sai ka haɗa da ƙayar magarya ko ta bagaruwa, kafin rassan su sarƙe.

Aikin da ke gabanka ba na raya shi ba ne, na tsare shi ne. Ka bar aƙalla mita 1 tsakaninsa da fangalin farko, domin inuwarsa da saiwarsa suna hana albasa yin kai. Ka riƙa sassabe shi sau biyu a shekara, kada ya wuce ƙirjinka. Duk reshen da ya kwanta ya taɓa ƙasa mai laima saiwa zai yi, shinge ya fara tafiya cikin lambu, saboda haka ka sare shi tun da wuri. Bayan fure yana yin 'ya'ya masu irin da ke da gashi-gashi, waɗanda ruwa ke ɗauka ya kai gonar wani, to ka yi sassaben kafin su bushe. Rassan da ka sare kuwa kada ka zubar a rafi ko a bar su kan ƙasa mai danshi. Ka tara su a kan tudu su bushe ƙurmus, sannan ka ƙone. Ganyen kaɗai za ka iya zubawa a ramin taki ya ruɓe. Ka wanke hannu bayan aiki, kada ƙaron ya shiga ido, kuma ka riƙa share gindin shingen don duhuwarsa maɓoyar macizai ce.

Abu guda da za mu ja maka kunne a kai shi ne kada ka dasa shi a bakin magudanar ban ruwa ko hanyar da ruwa ke bi. Ku mutanen Haɗeja da Nguru kun fi kowa sanin abin da kacala ta yi wa hanyoyin ruwanku. To shi ma wannan haka yake toshe magudanai a Indiya, inda ya zama ciyawar da ake kashe kuɗi wajen kawar da ita.

Yanzu sai maganar awaki. A cikin ganyensa da furensa da irinsa akwai wani dafi da masana ke kira suwensonin, wanda aka fara gano shi a wata shuka ta ƙasar Ostireliya a 1979. Jikin dabba yana da wani sinadari mai narkar da ragowar sukari a cikin ƙwayoyin jiki. Wannan dafi sai ya hana sinadarin aiki, ragowar ta yi ta taruwa har ta lalata ƙwayoyin, musamman na ƙwaƙwalwa. An ga wannan cuta a awaki a Sudan da Mozambik da Barazil, tana kuma kama tumaki da shanu.

Abin da ya sa mutane ke musu a kai shi ne ba ya kisa nan take. Akuya za ta ci yau ta tashi garau, mai ita ya ce ai ba komai. Sai ta yi makonni tana ci sannan alamu su fito. Za ka ga tana ramewa, gashinta ya tashi, kanta yana rawa, tana tangaɗi kamar mashayi, tana tsayawa ta wawware ƙafafu. Idan ka ɗaga mata kai sama ka saki, tana iya faɗuwa ta kasa tashi. Mai ciki takan yi ɓari ko ta haifi ɗa marar ƙwari, kuma dafin yana bi ta nono ya sami ɗan da ke sha.

Da damina dabbobi ba su cika kula shi ba, tunda ga ciyawa ko'ina. Hatsarin yana cikin rani da bazara, lokacin da komai ya bushe shi kaɗai ne kore a fadama. Yunwa ce ke sa akuya ta ɗanɗana, in kuwa ta saba sai ta riƙa nemansa ko da ga harawa a gabanta, sauran kuma su koya daga gare ta. Busar da ganyen ba ya kawar da dafin, don haka masu sayar da ciyawa da harawa a kasuwa a kula kada a haɗa da shi. Ku ma fataken dabbobi, in kun ga akuya ramammiya mai rawar kai a kara, ku tambayi inda take kiwo kafin ku biya kuɗi.

Wannan dafi ba shi da makari. Abin yi shi ne da zarar ka ga alama ka ɗaure dabbar a gida, ka ba ta dusa da harawa da ruwa mai kyau, ka kira malamin dabbobi, domin akwai wasu cututtukan masu irin waɗannan alamu. Wadda aka raba da shi da wuri takan murmure, amma wadda ta daɗe tana ci ba ta komawa daidai. Kada kuma a mayar da ita wurin, don za ta koma masa.

Saboda haka malam, ka duba wurinka. Idan lambunka yana inda ruwa ke kwanciya, nesa da magudana, kuma ba a sakin awaki a wurin da rani, kana iya dasawa muddin za ka riƙa sassabe. Amma idan lambun yana kan burtali ko kusa da gari inda awakin mata ke yawo, gara ka haƙura, kada kare albasa ya jawo maka shari'a da maƙwabta. A gefen da ruwa ba ya kwanciya sai ka dasa lalle, wanda za ka sayar da ganyensa, ko bagaruwa da magarya masu ƙaya. Wanda kuma ya riga ya dasa yana son rabuwa da shi, sara kawai ba ta isa ba, sai ya tone gindin da saiwar da rani ya ƙone, ya kuma bi duk wanda ya sake tofowa da damina.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. A gaida maƙwabcin naka, Allah ya ba da damina mai albarka. Sai mun ji daga gare ku.