Haruffan da ke kwaikwayon rubutun hannu: ina ne muhallinsu?

A shekarar 1994, Vincent Connare, mai zayyana haruffa a kamfanin Microsoft, ya ga wata manhaja da ake shiryawa don sababbin shiga harkar kwamfuta, mai suna Microsoft Bob. A cikinta akwai karen zane da ke magana da haruffan Times New Roman, salon da aka ƙera tun farko don jaridar The Times ta Landan. Abin bai kwanta masa ba. Sai ya duba yadda ake rubuta maganar jarumai da hannu a littattafan labarin zane, ya ƙirƙiro Comic Sans. Ba a kai ga sa shi cikin Bob ba, amma daga zamanin Windows 95 ya bazu duniya. Tarihin nan ya nuna abin da ake yawan mantawa: kowane salon haruffa yana da muryarsa, kuma wanda ya kwaikwayi rubutun hannu muryar hira yake da ita.

Shi ya sa yake dacewa da katin gayyatar suna, kwalin alewa, allon mai sayar da abinci da littattafan yara. Harafin "a" na Comic Sans irin wanda malami ke rubutawa a allo ne, ba mai lanƙwasa a sama irin na jarida ba, don haka yaro yake saurin gane shi. Ƙungiyar da ke kula da masu matsalar karatu a Birtaniya ma ta sa shi cikin nau'o'in haruffan da take ba da shawarar amfani da su. Masu zayyana da ke neman a daina amfani da shi kwata-kwata sun wuce gona da iri.

Wani zai ce rubutu ai rubutu ne, muddin ana iya karantawa. Wannan ba haka yake ba. A ranar 4 ga Yuli, 2012, masaniyar kimiyya Fabiola Gianotti ta gabatar da sakamakon binciken ƙwayar Higgs a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da haruffan Comic Sans, sai jama'a da dama suka bar zancen kimiyyar suka koma kan haruffan. Binciken bai ragu da komai ba, amma hankalin mutane ya rabu biyu. Kayan shan iska ba laifi ba ne, sai dai ba a zuwa ɗaurin aure da su. Takardar kotu, sanarwar rasuwa da umarnin shan magani suna bukatar haruffa masu natsuwa.

Mu masu rubuta Hausa muna da ƙarin abin lura. Yawancin irin waɗannan haruffa ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai kwamfuta ta aro su daga wani salon, ko a jefar da ƙugiyar, "ƙasa" ta koma "kasa". Akwai salon Andika na ƙungiyar SIL, wanda aka yi don masu koyon karatu, kuma yana ɗauke da su duka. Masu shagon ɗab'i, kafin ku zaɓi salo, ku fara buga waɗannan haruffa uku ku gani.