Injin Yankan Itace Yana Cin Kunnen Matasanmu

Duk wanda ya san zangunanmu na Kumasi, Tachiman, Sunyani ko Tamale ya san cewa matasanmu da yawa sun shiga sana'ar itace. Wasu suna bin masu injin zarto daji, wasu suna aiki a Sokoban inda aka tara masu katakon Kumasi, wasu kuma su ne ake kira idan reshen mangwaro ko maɗaci ya sunkuyo kan rufin gida ko kan wayar lantarki. Sana'a ce ta halal, kuma tana ciyar da gidaje. Amma mu lura da waɗanda suka shekara goma a cikinta. Sai ka yi musu sallama sau biyu kafin su amsa, rediyonsu kullum a ƙure yake, idan liman yana huɗuba sai su riƙa karkato da kai gefe guda. A gida ana cewa wane ya fara girman kai, alhali kuwa kurumta ce ta fara kama shi.

Masana suna auna ƙara da ma'aunin da ake kira disibel. Hirar mutum biyu ba ta wuce disibel 60. Idan ƙara ta kai 85, kunne yana iya jure ta awa 8 a yini, ba fiye ba. Daga nan kuma duk ƙarin disibel 3 yana rage lokacin da rabi: 88 awa 4, 91 awa 2, 100 minti 15 kacal. To, injin zarto mai aiki da fetur yana kai wa 110 a kunnen mai riƙe da shi. Ke nan kafin minti 2 ya cika, ya cinye rabon kunnensa na yinin nan gaba ɗaya. Ga shi kuwa mutanenmu suna yini da inji a hannu tun hantsi har la'asar.

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wata 'yar gaɓa mai siffar katantanwa. A cikinta akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi wajen 15,000, su ne ke kai saƙon sauti ga ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su kaɗan-kaɗan, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Babu allura, babu tiyata, babu sassaƙe da zai mayar da shi. Abin da ya sa ciwon ke yaudarar mutane shi ne ba ya zafi, ba ya fid da jini. Alamarsa ta farko ita ce wannan kukan gyare da mutum ke ji a kunne da dare bayan ya tashi daga aiki. Sauti mai siriri ne ke fara ɓacewa, shi ya sa mutum zai ce yana jin magana amma ba ya gane ta, musamman muryar mata da yara.

Maganin a bayyane yake, wato a rufe kunne. Amma idan muka tambayi masu aikin me ya hana su, amsar da suke bayarwa ba ta wauta ba ce. Suna cewa wanda ya toshe kunne ba zai ji ihun abokin aikinsa ba lokacin da itace ya juya ta inda ba a zata, ko wanda ke sama ya sako reshe. Gara kurumtar gobe da mutuwar yau. Wasu sun sayi marufin kunne, amma sukan ɗage shi duk lokacin da za su yi magana, inji kuwa yana ta kuka a gefe. Nan ne lissafi ke ba da mamaki. Marufin da zai rage disibel 25, idan aka cire shi minti 5 kawai a cikin awa guda, abin da ya rage na kariyarsa bai wuce disibel 11 ba. An sa shi minti 55, amma an yi asarar fiye da rabin lambar.

Wannan matsala ce ta sa a Turai da Amurka masu gyaran itatuwa suka koma amfani da hular kwano mai magana. Hular tana da ragar kare fuska, da marufin kunne biyu a manne, a cikinsu akwai lasifika, ga kuma ɗan makirfo a bakin mutum. Kamfanoni irin su 3M Peltor, Sena, Husqvarna da Stihl suna yin ta. Ta fi oba-oba da abu guda: ba sai ka danna komai ba, hannuwanka biyu suna kan inji ko kan igiya, kana magana da na ƙasa kamar kuna zaune a tabarma ɗaya. Wasu nau'o'in suna haɗa mutane da yawa a nisan ɗaruruwan mitoci, wasu kuma suna barin ƙaramin sauti na waje ya shigo, su datse mai ƙarfi. Don haka babu dalilin ɗage marufi.

Kuɗinta fa? Guda ɗaya ɗaruruwan daloli ne, ga cajin batir, ga gumi da ruwan damina da ke lalata kayan lantarki. Muna ganin 'yan kwangilar da ke share itatuwa a gefen manyan hanyoyi da layukan wuta ba su da hujjar ƙin sayenta. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003, sashe na 118, ta ɗora wa mai aiki nauyin ba ma'aikaci kayan kariya ba tare da ya cire masa ko sisi ba. Sai dai yawancin yaranmu ba su da takardar ɗaukar aiki. Tun 1998 da aka hana tsaga katakon sayarwa da injin zarto, sana'ar ta koma ɓoye cikin daji, inda babu mai duba ko akwai hula a kan kowa.

Ga mai ƙaramin ƙarfi akwai abin da ya fi zama haka. Hular kwano mai marufin kunne ba tare da rediyo ba tana samuwa a shagunan kayan aiki, kuma 'yan toshe-kunnen soso ba su kai kuɗin galan ɗin fetur ba. A duba lambar SNR a jikin kwali, a nemi mai kusan 30. Audugar da wasu ke cusawa ba ta tare komai, haka ma abin sauraron waƙa na wayar hannu, shi ƙara ma yake ƙarawa. Idan robar marufin ta tsage ko ta taurare a sauya ta. Mai hawa sama kuma ya nemi hula mai maɗauri a haɓa.

Saura maganar jin juna. Kafin a ta da inji, a tsaya a yi shawara: ina itacen zai faɗi, ta ina mai yanka zai kauce, wa ke tsare hanya. A ajiye mutum guda da usur wanda aikinsa kallo ne kawai, a kuma yi alamun hannu da kowa ya sani, domin usur ma inji yana iya danne shi. Na sama kada ya saki reshe sai na ƙasa ya amsa masa cewa wuri ya share. Sauran jama'a su tsaya nesa da ninki biyu na tsawon itacen. Idan magana ta zama dole, a kashe inji tukuna sannan a ɗage marufi.

Mu malaman makaranta abin da ya fi damunmu shi ne yaran da ke bin masu inji lokacin hutu, suna ɗaukar galan da katako. Ko ubangida ya rufe kunnensa, yaron yana tsaye taku biyu daga inji da kunne a buɗe. Iyaye su tambayi wanda suka ba ɗansu ko ya tanadar masa marufi. Wanda kuma ya riga ya fara jin kukan gyaren nan, ya je sashen kunne na asibitin Komfo Anokye a Kumasi ko Korle Bu a Ankara a auna jinsa, ya karɓi takardar gwajin ya adana, domin da ita za a gwada ta baɗi.