Tafkin Nyos: Ruwan da ya kashe mutane a dare guda

Mai ziyarar da ya saba da madatsun ruwa irin ta Challawa, maƙwabciyar Gwarzo da Kabo, zai iya ɗaukar tafkin Nyos kamar ɗaya daga cikinsu: ruwa ne a kwance tsakanin korayen tsaunuka da makiyaya. Sai dai wannan tafki na arewa maso yammacin Kamaru ba hannun ɗan Adam ne ya gina shi ba. Yana zaune ne a cikin ramin wani dutse mai aman wuta, zurfinsa kuma ya kai mita 200.

Daga ƙarƙashin ƙasa iskar kabon ke tsattsafowa tana narkewa a ruwan da ke can ƙasa, nauyin ruwan sama kuma yana danne ta, kamar yadda murfi ke tsare iskar kwalbar lemo.

A daren 21 ga watan Agustan 1986, murfin ya buɗe. Da yake iskar ta fi wadda ake shaƙa nauyi, sai ta bi kwari ta mamaye ƙauyukan Nyos da Cha da Subum. Mutane fiye da 1,700 suka rasu, da yawansu suna barci, tare da dabbobi kusan 3,500. Fulani makiyaya na cikin waɗanda abin ya fi shafa.

A shekarar 2001 masana suka kafa bututun farko da ke zuƙo ruwan ƙasa domin iskar ta riƙa fita sannu a hankali, aka kuma ƙara biyu a 2011.

Haɗarin bai tsaya a Kamaru ba. Wani bango na duwatsu marasa ƙwari ne ke riƙe da ruwan, kuma a 2005 ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi gargaɗin cewa zai iya ɓallewa. Da hakan ta faru, ambaliyar za ta bi kogin Katsina-Ala zuwa jihohin Taraba da Binuwai. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Najeriya ta gina madatsar Kashimbila, wadda kuma ke iya samar da megawat 40 na lantarki.

Rikicin 'yan aware da ya ɓarke a yankin a 2017 ya sa kai ziyara can ya zama kasada.