Baƙon Da Ya Nemi Ɗakinsa A Cikin Kwamfuta

Ɗalibi ne ko ma'aikacin ofis, yana da kwamfutar tafi-da-gidanka irin wadda ake sayo ta hannu, Windows a kanta, ƙwaƙwalwar aikinta gigabait 4 ko 8. Ya so ya koyi Linux amma yana tsoron kada ya ɓata na'urarsa, sai aka ba shi shawara ya sa manhajar VirtualBox, ya dasa Ubuntu a cikinta. Wata shida ke nan yana aiki a ciki. Ya girka manhajojinsa, ya daidaita kome yadda ya dace da hannunsa, har aikin kammala karatunsa ma a can yake. Yanzu kuwa fankar kwamfutar ba ta daina kuka, in ya buɗe shafi uku sai kome ya tsaya cak. Abin da yake so shi ne ya ɗauko wannan Ubuntu ɗungurungum, ya ba shi nasa yanki a kan faifan ajiya, ta yadda in ya kunna kwamfuta za ta tambaye shi wanne zai shiga, Windows ko Linux.

Abin yana yiwuwa. Amma wanda bai fahimci abin da ke hannunsa ba yana iya rasa baƙon da mai gidan gaba ɗaya cikin minti guda.

Kwamfutar kwaikwayo, watau kwamfutar da ke gudana a cikin wata kwamfuta, ba sabon abu ba ce. Kamfanin IBM na Amurka ya fitar da tsarin VM/370 tun 1972 domin manyan injinansa. VMware ta kawo wannan dabara kan kwamfutocin tebur a 1999, VirtualBox kuwa wani kamfanin Jamus mai suna innotek ne ya sake ta ga jama'a a 2007, Sun ta saye shi a 2008, daga baya Oracle ta gaje ta a 2010. Dabarar ita ce a ruɗi baƙon tsari: a nuna masa faifai na ƙarya, katin intanet na ƙarya, katin hoto na ƙarya, shi kuma ya zauna yana zaton gidansa ne. Kuɗin wannan ruɗi daga aljihun mai gida yake fita, domin kwano ɗaya suke ci. Bugu da ƙari, tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 na neman guntun tsaro na TPM 2.0 wanda tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi, masu neman Linux ya zauna da gindinsa sun sami ƙarin dalili.

To, ga inda ƙafa ta fi zamewa. Baƙon nan duk yana cikin fayil guda ne, VDI in VirtualBox ce, VMDK in VMware ce. Mutane kan ɗauka wannan fayil hoton yanki ɗaya ne na faifai, alhali kuwa hoton faifai ne sukutum, da taswirar rabonsa a farko, da yankunansa a ciki. Wanda ya zuba shi kai tsaye cikin yankin da ya ware, ya cusa gida ne a cikin ɗaki: babu abin da zai tashi. Wanda kuwa ya zuba shi a kan faifan baki ɗaya, ya shafe taswirar Windows da duk abin da ke kai. Umarnin dd da ake yawan amfani da shi wajen wannan aiki ba ya tambaya, ba ya jan kunne. Tsakanin sda da sdb harafi ɗaya ne, kuma harafin nan shi ne bambancin faifan da ka nufa da faifan da ke ɗauke da hotunan iyalinka da takardun shekara goma.

Saboda haka aikin yana farawa ne tun kafin a taɓa baƙon. A kwafe duk abin da ake ji da shi zuwa wani faifai na waje, a cire shi, a ajiye nesa. In faifan Windows yana kulle da BitLocker, a nemo mabuɗin ceto mai lambobi 48 a rubuta a takarda, domin canjin hanyar tashi yana iya sa ya neme shi. A kashe saurin-tashi na Windows, wanda kan bar faifai rabin barci. Sa'an nan a rage yankin Windows daga cikin Windows kanta, da kayan aikinta na sarrafa faifai, gama ita ta san inda ta ajiye kayanta. Kuma mai karatu ya san halin wutar lantarki a ƙasar nan: kada a fara yanka faifai da batirin da ba ya riƙe caji.

Daga nan sai a juya fayil ɗin zuwa ɗanyen hoto, da qemu-img ko VBoxManage. A lura, fayil ɗin da ke nuna gigabait 12 yana iya kumbura ya kai girman da aka yanka masa tun farko, ko da gigabait 50 ne, don haka a tanadi wuri. Sai a tada kwamfutar daga filashi mai ɗauke da Linux, a buɗe hoton, a shiga ainihin yankin da tsarin yake. A ra'ayina, kwashe fayiloli da rsync zuwa sabon yanki da aka tsara da ext4 ya fi zuba hoto da dd. Yana da ɗan jinkiri, amma ba ya tilasta girman yankunan su zo ɗaya, in an katse shi yana ci gaba daga inda ya tsaya, kuma kuskurensa ba ya kisa nan take. Sharaɗi dai shi ne a ba shi umarnin riƙe izini da mallakar kowane fayil.

An kwashe kaya, amma baƙon bai san ya yi ƙaura ba. Akwai wani ɗan fayil, fstab, inda Linux ke rubuta lambar shaidar kowane yanki da zai ɗaura wa kansa sa'ad da yake tashi. Lambar tsohon faifan ƙarya ce a ciki. In ba a maye ta da ta sabon yankin ba, tsarin zai tsaya yana jiran faifan da babu shi a duniya. Haka kuma ƙunshin farko da Linux ke ɗauka kafin ya ga faifai yana bukatar a sake ɗaure shi, musamman in na'urar tana da faifan NVMe wanda bai taɓa gani ba. Ana yin waɗannan gyare-gyare ne ta hanyar chroot, watau a shiga cikin tsarin da aka kwashe daga filashi, a yi aiki kamar shi ne ke gudana.

Sai mai tsaron ƙofa, GRUB, wanda shi ke nuna jerin zaɓi in an kunna. A nan ma akwai rami. VirtualBox galibi tana gina baƙin Linux ne bisa tsohon tsarin BIOS, kwamfutocin zamani kuwa da UEFI suke tashi. Dole a sauya GRUB zuwa nau'in UEFI, a ajiye shi cikin ƙaramin yankin nan na FAT32 da Windows ke tashi daga ciki. A zauna kusa da fayilolin Windows, kada a share yankin. In an gama kuma jerin bai nuna Windows ba, hankali kada ya tashi: tun fitowar GRUB 2.06 a 2021, manhajar os-prober mai neman sauran tsare-tsare tana zuwa a kashe, sai an kunna ta. Bayan an tashi lafiya, a cire kayan taimakon da VirtualBox ta girka a ciki, a kuma duba katin intanet mara waya, domin shi ne ya fi yawan yin gardama.

Duk wannan bayani ga baƙon Linux ne, wanda ke tafe da yawancin direbobinsa a jiki. In Windows ce a cikin kwamfutar kwaikwayon, labari ya sha bamban. Ta saba da mai sarrafa faifai na ƙarya, in ta ga na gaske tana iya tsayawa da shuɗin allo tana cewa ba ta ga faifan tashi ba. Kayan aikin Sysprep yana taimakawa wajen mantar da ita tsohon gida, amma lasisinta yana ɗaure da na'urar da aka kunna shi a kai, watakila a sake neman sa. Har ila yau akwai gajeruwar hanya: tun Windows 7 ta 2009, Windows tana iya tashi kai tsaye daga fayil ɗin VHD da ke ajiye a kan faifai, ba tare da an yanka sabon yanki ba.

Shin wahalar ta biya? In baƙon bai wuce mako biyu ba, a'a. A dasa sabon Ubuntu kusa da Windows, abin da mai girkawar ke yi da kansa cikin ƙasa da sa'a guda, a kwaso babban fayil na gida kurum. Ƙaura ta cancanci wanda ya tara watanni yana gini, irin ɗalibin da muka fara da shi. Shi ma kada ya goge tsohon fayil ɗin VDI sai ya yi makonni yana aiki a sabon wuri ba tare da tangarɗa ba.

Akwai wani ɗan abin mamaki da zai tarar a rana ta farko. Linux yana rubuta agogon na'ura bisa lokacin duniya na UTC, Windows kuwa tana karanta shi a matsayin lokacin gida. Nijeriya tana gaban UTC da sa'a ɗaya, don haka in ya fita daga Ubuntu ya shiga Windows da ƙarfe tara, yana iya ganin agogo na cewa takwas. Umarnin timedatectl a ɓangaren Linux yana daidaita su.