Kafin ka sayi injin wuta

Watan Afrilu da na Mayu, sa'ad da zafi ya kai zafi, nan ne aka fi ɗauke wuta. Kowa ya kunna fanka da firigo lokaci guda, wutar kuwa ba ta isa. Shekara da shekaru, mafi yawan wutar da NIGELEC take rabawa daga Najeriya ta riƙa zuwa. Waya ɗaya ta biyo ta Birnin Kebbi zuwa Yamai, wata ta biyo ta Katsina zuwa Maraɗi da Damagaram. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar, aka yi watanni ana shan duhu. Shi ya sa mutane da yawa suke son sayen injin wuta, wanda muke ce ma gurup.

To, amma inji ba riga ba ne, da za ka duba ya yi maka kyau ka biya. Kafin ka tafi kasuwa, ɗauko takarda da alƙalami. Ga inda karatunmu zai yi mana rana.

Kowane kayan wuta yana da cinsa. Ana auna cin nan da wat. Juya bayan telenka, ko ka duba jikin ƙwan lantarki, za ka ga lamba da harafin W kusa da ita. Wannan lambar za ka rubuta.

Mu ɗauki misali. Gida mai ƙwai 4, irin na yanzu masu farin haske, kowane yana cin wat 10. Ka ga 40 ke nan. Fanka 2, kowace wat 60, sun zama 120. Tele wat 80. Cajin wayoyi, mu ce 20. Tara su duka: 260. Ƙaramin inji ya ishi wannan gida.

Sai dai firigo yana da wani hali. In yana aiki, wat 150 kan ishe shi. Amma sa'ad da zai tashi, yakan fizgi ninki uku na wannan, ko fiye. Kamar amalanke ne: tayar da ita daga tsaye ya fi jan ta wuya. Kuma firigo ba sau ɗaya yake tashi ba, yana tsayawa yana tashi duk tsawon yini. Saboda haka kada ka rubuta masa 150, rubuta 500. Famfon ruwa mai mota shi ma haka yake. Dutsen guga kuwa, shi kaɗai yana cin wat 1000 ko fiye. A ganina, a bar guga sai wuta ta dawo, ko a koma ga na gawayi.

In ka gama lissafi, ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kai. Injin da kullum yake ɗauke da kaya har wuya ba ya daɗewa. Wanda ya yi maka girma ƙwarai kuma, mai kawai zai riƙa sha a banza.

A kasuwa, kada babbar lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Sau da yawa wannan ƙarfin na ɗan lokaci kaɗan ne. Nemi ƙaramin rubutu da ke gefen injin, nan ne gaskiyar take. In ka ga an rubuta kVA, ka sani 1 kVA wajen wat 800 ne. Ka tabbata kuma an rubuta 220 V da 50 Hz, irin wutar ƙasarmu. Ka ce ma mai kanti ya tayar da shi gabanka, ya sa masa kaya, ka ji kukansa.

Ƙananan injuna masu araha, ana gauraya musu isansi da baƙin mai. Suna da hayaƙi da ƙara. Masu ɗan girma, isansi daban, baƙin mai daban, sai dai a riƙa juye man a kan lokaci. Na gazuwal ya fi tsada, ya fi dacewa da mai shago ko mai injin niƙa. Kowane za ka saya, tambayi makaniken unguwarku tukuna: ana samun kayan gyaransa a garin nan?

Yanzu ga maganar da ta fi kuɗi. Cikin hayaƙin inji akwai wata iskar guba, ba ta da wari, ba ta da launi. Irin wadda gawayi yake fitarwa ce in an rufe ɗaki da shi lokacin ɗari. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Mai barci kuwa ba ya jin kome, sai dai a tarar da shi da safe. Tsoron ɓarayi ne yake sa wasu su shigar da inji ɗaki ko zaure da dare. Kada ka yi. Ajiye shi a fili, kamar mita 6 daga ƙofa da taga, bakin hayaƙin yana duban waje. Yi masa rumfa wadda iska take ratsawa, ka ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo. In wani ya ji jiri, a fitar da kowa waje, a kashe injin, a tafi likita.

Kada kuma ka soka wayar inji cikin bango kai tsaye. Wutar tana iya bin waya ta fita titi, ta kama ma'aikacin da yake gyara bisa falwaya. In wutar gari ta dawo kuma, injin yana iya ƙonewa. Kira mai gyaran wuta ya sa maka makunnin da ke raba wutar gari da ta inji.

Zuba mai kuwa, sai ka kashe injin ya huce. In na kwalba ka saya bakin hanya, tace shi da tsumma mai tsabta kafin ka zuba.